Ledar rufin bene: EPDM, TPO ko PVC, wacce za ta jure ranar Maraɗi?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ina gina bene a unguwar Ali Ɗan Sofo, ƙasa shaguna ne da sito, sama ofisoshi da gidan abinci. An zuba dal, wato rufin kankare, wata biyu ke nan, faɗinsa ya kai murabba'in mita 600. Tsohon ginina na wajen babbar kasuwa da shimfiɗar kwalta aka rufe shi, shekara huɗu ya fara yoyo, ruwa ya lalata mini buhunan shinkafa da sukari. Yanzu wani ɗan kwangila ya ce in sa leda mai falle ɗaya, ya lissafa mini iri uku: EPDM, TPO da PVC. Ya ce duk wadda na zaɓa zai kawo ya sa. Ni ɗan kasuwa ne, ban san kan waɗannan abubuwa ba. Wacce ta dace da ni? A saman kuma za a ajiye tankin ruwa da faifan sola da injinan kilim masu sanyaya ɗaki."

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya mayar da alherin abin da ruwa ya ci, ya sa albarka a sabon ginin.

Idan na fahimce ka, tambaya biyu ka haɗa wuri guda. Ta farko, wace leda ce a cikin ukun za ta jure zafinmu da ƙurarmu da ruwan Agusta. Ta biyu, wadda ba ka faɗa a fili ba amma ita ke damunka, yaya za a yi abin da ya faru a tsohon ginin kada ya maimaitu. Ni a wurina ta biyun ta fi nauyi. A cikin rufin da aka sha kirana in duba saboda yoyo, da wuya in tarar ruwa ya huda tsakiyar shimfiɗa. Kusan kullum ɓarnar tana mahaɗa, inda falle ya hau kan falle, ko a gindin rawanin gini, ko a bakin indararo, ko inda bututu ya ratsa dal. Waɗannan wurare kuwa hannun ma'aikaci ne ke yin su, ba kamfanin da ya ƙera ledar ba.

Shi ya sa maganar ɗan kwangilarka cewa duk wadda ka zaɓa zai sa ta tsaya mini a rai. Haɗa EPDM sana'a ce daban, da gam ake yi. Haɗa TPO da PVC wata sana'a ce, da iska mai zafi ake narka su su zama abu ɗaya, shi ake kira walda. Akwai masu iya duka biyun, amma ba su da yawa, kuma kafin ka biya ko dala ɗaya ya kamata ka san wacce hannunsa ya saba da ita.

Kakanninmu da suka rufe soro da azara da ƙasa sun san abin da muke mantawa yau. Suna shafa makuba ko laso, amma ba su taɓa dogara da shafen kaɗai ba. Suna karkata rufin, suna gyara indararo kafin faɗuwar ruwa, don kada ruwa ya kwana a sama. Kankare ma haka yake buƙata. Mutane na ganin tunda dutse ne ba ya shan ruwa, alhali da rana yana miƙewa saboda zafi, da dare ya tsuke, musamman a hunturu da tazarar zafin rana da sanyin asuba ke da yawa. Wannan kai da kawowa ke haifar da ƙananan tsaga kamar gashi, ruwa ya bi ta nan ya kai ga rodi, rodi ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa kankaren daga ciki. Aikin leda shi ne ta zama riga mai miƙewa tare da dal ba tare da ta yage ba.

Halin kowacce daga cikin ukun

EPDM roba ce, danginsu ɗaya da robar da ke zagaye da gilashin mota. Baƙa ce, tun shekarun 1960 ake rufi da ita a Amurka, kuma a wajen jure hasken rana da daɗewa ba ta tsage ba tana da tarihi mai kyau. Tana iya miƙewa ninki uku ba ta tsinke ba, tana zuwa da faɗi sosai don haka mahaɗa ba su da yawa, kuma ba ta buƙatar wutar lantarki wajen sawa. Idan ta huje, facinta kusan irin facin tayar babur ne: a goge, a shafa magani, a manna. Duk wannan alheri ne a garin da wuta ke ɗaukewa. Amma tana da aibi uku a wurinmu. Baƙin abu a ranar Afrilu da Mayu, lokacin da iska kanta ta haura digiri 40, yakan wuce digiri 70, kuma wannan zafin dal zai sha ya sauke wa masu ofis cikin dare. Na biyu, mahaɗarta da gam da tef ake yi, su kuwa ba sa shiri da ƙura ko kaɗan. Ma'aikaci ya goge wuri, kafin ya juya iskar hunturu ta sake shafa masa gari. Na uku, kuma shi ne ya fi shafarka, mai da kitse suna kumbura ta su sa ta yi laushi kamar ƙullu.

TPO ita ce ƙanwarsu, a shekarun 1990 ta bazu. Fara ce, tana mayar da mafi yawan hasken rana, yawanci ta fi PVC sauƙin kuɗi, kuma waldarta idan ta yi kyau mahaɗar ta fi jikin ledar ƙarfi. Abin lura game da ita shi ne kowane kamfani da irin haɗinsa, sunan ɗaya ne amma ingancin ya bambanta ƙwarai. Akwai irin farko-farko da suka tsattsage da wuri a wurare masu tsananin zafi, har a 2010 wata ƙungiyar ƴan kwangilar rufi a Amurka ta fitar da gargaɗi a kan haka, musamman inda gilashi ko farin bango ke maido da rana a kan ledar. Manyan kamfanoni sun gyara haɗinsu tun daga lokacin. Sai dai mu a nan, kayan da ke iso mana ba kullum ne na manyan kamfanoni ba, kuma TPO maras suna a ranar Maraɗi caca ce da ba zan so ka shiga ba. Tana kuma da tauri a hannu, ga shi tazarar da ke tsakanin walda mai kyau da wadda ta ƙone ko ba ta kama ba ƴar kaɗan ce, sai gwani.

PVC ta fito daga Jamus da Suwizalan tun shekarun 1960. Asalinta abu ne mai tauri kamar bututun ruwan da ka sani, sai a zuba mata wani sinadari mai laushi ta zama kamar fata. Ita ma fara ce ko ruwan toka, ana yi mata walda, kuma ta fi TPO sauƙin sarrafawa a kusurwa da kewayen bututu. Tana jure mai da kitse fiye da sauran biyun nesa ba kusa ba, kuma idan wuta ta taɓa ta, da an janye wutar takan mutu da kanta. Rauninta yana cikin wannan sinadarin laushin: shekaru da zafi suna fitar da shi a hankali, ledar ta bushe ta yi ƙarfi. Mai kyau takan daɗe kafin ta kai nan, mai arha kuwa da wuri. Sannan ba ta haɗa jiki da kwalta, ba ta kuma haɗa jiki da farar kumfar nan da ake tallafe talabijin da ita cikin kwali, wadda wasu ke shimfiɗawa don tare zafi. Dole a sa wani bargon zare a tsakani.

Na ga sakamakon rashin sanin wannan da idona. An kira ni wani sito da aka shimfiɗa wa PVC kai tsaye a kan tsohuwar kwalta don a rage kuɗin kankarewa. Bayan ƴan damina ledar ta rine, ta yi ƙarfi kamar busasshiyar ƙirgi, ina lanƙwasa gefenta ta tsage a hannuna. Kayan ba su da laifi, mai gidan ma ya biya kuɗi mai yawa. Abin ya ba ni tausayi ƙwarai, domin bargon da aka ƙi sayen bai kai kaso kaɗan na kuɗin aikin ba.

Abin da zan zaɓa in da ginina ne

Gidan abincin da ke sama shi ya yanke hukunci. Inda ake suyar kaji da dankali kullum, bututun hayaƙin kicin yana tofar da mai a kan rufi, a hankali ya taru ya yi danƙo, ƙura ta manne. Wannan kaɗai ya fitar da EPDM a fili daga lissafi, ya kuma raunana TPO. Saboda haka PVC nake ba ka shawara, mai zare a cikinta, kauri kada ya gaza milimita 1.5. In aljihu ya yarda ka ɗauki 1.8, tunda rufinka wuri ne da masu gyaran kilim da masu wanke sola za su riƙa hawa. Ta milimita 1.2 tana da wurinta, amma ba rufin da ake takawa ba. Ka nemi takardar kayan ka ga ko an rubuta ma'aunin EN 13956 na Turai ko ASTM D4434 na Amurka, sannan ka duba jikin naɗin da kanka, domin sunan kamfani da lambar ƙira suna buge a kai. Kamfanoni irin su Sika da Soprema sanannu ne a wannan fanni, amma sunan da ke kan takarda ba ya wadatarwa sai ya dace da wanda ke kan kaya.

Da a ce sito ne kawai ko shaguna ba kicin, da TPO ta sanannen kamfani ta ishe ka, ka rage kuɗi. EPDM kuma ina son ta a inda za a binne ta ƙarƙashin tsakuwa ko tayil, rana ba ta ganinta, mai ba ya taɓa ta.

Kada ka ɗora wa farin launi buri fiye da ƙima. Ranar da aka gama aikin rufin zai yi ƙyalli har ido ba ya iya kallo, amma hunturu ɗaya ya isa ya mayar da shi jan ƙasa, kuma gwargwadon dattinsa gwargwadon zafin da zai riƙe. Wanki da ruwa da tsintsiya mai laushi kafin bazara yana dawo da mafi yawan amfanin. Idan kana son sanyi na gaske a ofisoshin, abin tare zafi za a shimfiɗa ƙarƙashin ledar, shi ne ke rage wa kilim wahala.

Kafin leda ta hau

A nan nake so ka fi kashe hankalinka, Alhaji, domin ina zaton a nan tsohon gininka ya faɗi. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Ruwan Maraɗi a shekara ba shi da yawa in an kwatanta da kudu, amma a dunƙule yake zuwa. Ba wanda ya manta ƙarshen Agustan 2024, lokacin da sama da milimita 100 suka sauka a garin nan cikin ɗan lokaci, gidaje suka rushe, aka yi asarar rayuka. Ruwa irin wannan a kan rufinka lita 60,000 ne, tan 60 ke nan. In hanyar fita ba ta wadatar ba, rufin ya zama tafki, ruwa ya haura inda ledar ta tsaya a jikin bango ya zagayo ta baya. A irin wannan hali ko ledar zinariya aka sa sai ta yi yoyo.

Don haka abu na farko gangara. Magina da yawa suna zuba dal a miƙe kamar faranti, wani wurin ma da ɗan kwari a tsakiya. A yi shafen siminti mai karkata zuwa bakin magudana, santimita 2 a kowace mita. Gwajinsa ba wuya: a kwarara ruwa da tiyo a tsaya a gani. Duk inda ya taru ya ƙi tafiya a zagaye shi da alli a gyara. Ƙa'idar masu wannan aiki ita ce ruwa kada ya wuce kwana biyu a kan rufi bayan an ɗauke, ni kuwa na fi son ya tafi a ranar.

Na biyu magudana. Lissafin da muke amfani da shi mai sauƙi ne, santimita murabba'i ɗaya na bakin bututu ga kowane murabba'in mita na rufi. Bututu mai faɗin milimita 100 yana ɗaukar wajen murabba'in mita 78, ka ga rufinka na neman guda takwas, ba uku ko huɗun da aka saba sawa ba. A ƙara da indararon ko-ta-kwana a jikin rawani, sama kaɗan da ledar, domin ranar da baƙar leda da ganyen bedi suka toshe bututu ruwa ya sami mafita, kai ma ka gani daga ƙasa ka san akwai toshiya. Ledar kuma ta hau jikin bango aƙalla santimita 15, in so samu ne 20, a danne bakinta da ƙarfe a toshe, ko ta lulluɓe kan rawanin gaba ɗaya.

Na uku bushewa. Kwana 28 da ake faɗa na ƙarfin kankare ne, ba na bushewarsa ba, kuma sabon shafen gangara zai ƙara masa danshi. In aka manna leda a kan jiƙaƙƙen dal, rana ta buga, danshin ya zama tururi ya tayar da ƙuraje a ƙarƙashi. Manna ƙyallen leda mai haske a kan dal da yamma, ka toshe gefunansa. In da safe ka ga raɓa a ciki, a ƙara jira.

Sai yadda za a riƙe ledar kada iska ta ɗauke ta, kuma ka san irin guguwar da ke gaban ruwan farko a Yuni. Hanya uku ce: a manna da gam, a ɗaure da kusa, ko a danne da tsakuwa. Dannewa na ƙara wa gini kilo 50 zuwa 80 a kowane murabba'in mita, ga tanki ga sola, wannan sai injiniyan da ya yi lissafin ginin ya amince. Kusa kuma tana son kankare mai kauri. Yawancin dal ɗinmu na hurdi ne, bulo mai rami da ɗan kankare santimita 4 ko 5 a sama, kusa ba ta samun abin kamawa sosai, sai an gwada an ja an ga ƙarfinta. A irin wannan dal na fi natsuwa da PVC mai bargo a bayanta a manna ta gaba ɗaya, a ƙara ɗauri a gefuna da kusurwoyi, domin nan iska ta fi ɗagawa. Ka duba kwanan watan gam ɗin. Da hanyar Kwatano ta rikice a 2023 kaya sun riƙa daɗewa a hanya, gam kuwa da ya yi watanni cikin kwantena a rana ba lallai ya kama ba. Ni ban ga dal ɗinka ba, saboda haka wannan sashe a tabbatar da shi a kan rufin, ba a kan takardata ba.

Yadda za ka gwada ɗan kwangilar

Ba sai ka zama injiniya ba. Ka ce ya kai ka rufin da ya yi da irin wannan leda wanda ya ga damina uku ko fiye, ka hau da ƙafarka, ka kuma keɓe da mai ginin ka tambaye shi. Ka ce ya nuna maka injin waldarsa. Akwai na hannu mai kama da bindiga, akwai mai tafiya da kansa a kan mahaɗa, kuma rufi mai girman naka yana son na biyun domin hannu yana gajiya, walda ta bambanta daga safe zuwa azahar. Injin yana hura iska mai zafin digiri ɗari huɗu zuwa ɗari shida, kuma in wuta tana hawa da sauka zafin ma haka zai yi, don haka gurup, wato janareta, mai ƙarfi na aikin kaɗai ya zama cikin sharaɗi. Sannan ka sa ya haɗa ƙyalle biyu a gabanka, ya huce, a yanka siriri a ja da ƙarfi. In mahaɗar ta ɓare sumul kamar an buɗe ambulan, waldar banza ce. In ledar ce ta yage har zaren ciki ya bayyana mahaɗar tana nan, to ya iya. Faɗin waldar ya kai santimita 4. Ma'aikacin kirki yana yin wannan gwaji kowace safiya da kuma bayan rana ta take ba tare da an ce ya yi ba.

In ya kasa, kuma ba ka sami wanda ya iya daga Yamai ko Kano ba, to da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ka koma shimfiɗar kwalta, amma a yi ta yadda ya kamata: falle biyu, irin APP da ya fi jure zafi, na saman mai ƴan duwatsu a jiki ko a rufe shi da tayil, a kan gangara da magudanan da na faɗa, a kuma sa tire ƙarƙashin bututun kicin. Masu wannan aiki suna nan cikin gari, in ta huje gobe akwai mai gyara. Abin da ke kashe kwalta cikin shekara huɗu yawanci falle ɗaya ne siriri da aka bari tsirara a rana ruwa na kwana a kai.

In kuwa ya ci gwajin, ga sauran abin da za ka riƙe. Duk aikin ƙarfe a gama shi kafin leda ta hau: gindin tanki, ƙafafun sola, mazaunin kilim, kowanne a ɗora shi kan dakalin kankare da ledar za ta naɗe. Na taɓa ganin sabon rufi da bai kai wata ba, aka hau da mai walda ya gyara ƙafar tanki, tartsatsi ya yi masa huji fiye da yadda za a ƙirga. A shimfiɗa hanyar takawa daga bakin matakala zuwa kowane inji, ƙofar rufin kuma ta kasance da makulli a hannun mutum ɗaya.

Lokacin aiki mafi kyau daga ɗaukewar ruwa ne a Oktoba zuwa kafin ƙura ta yi ƙarfi, ko kuma bayan hunturu kafin zafi ya tsananta. Ba a fafe gora ranar tafiya, kada ka bari sai hadari ya fara haɗuwa a gabas. Idan an gama, a toshe magudanai a tara ruwa santimita 5 na kwana biyu, sashe-sashe, tunda cika rufin duka lita 30,000 zai ci, kana zagayawa ƙasa kana duba silin. Ka riƙe wani kaso na kuɗin aikin a rubuce har damina ɗaya ta wuce. Ragowar naɗin ledar kuma kada a bar ma'aikata su tafi da shi. A ajiye shi a sito cikin inuwa tare da takardar da ke ɗauke da sunan kamfani da lambar kaya, domin PVC ba ta kama TPO a walda, kuma ranar da za a yi faci irin ledar ake nema ba wata ba.